Ayu a Bakin Titi, Mu Kuwa Ƙofa Babu Lamba



A gaɓar tekun Amurka, musamman a jihar Fulorida da jerin tsibiran da ke kudancinta, akwai wata al'ada mai ba baƙo dariya. A bakin titi, daidai ƙofar kowane gida, ana kafa akwatin wasiƙa, kuma masu gidajen sun mayar da akwatin nan abin gasa. Wani ya sa an ƙera masa ayu, dabbar ruwan nan da masuntan Binuwai suka sani, tana tsaye a kan wutsiya ta rungume akwati a ƙirji. Wani nasa ƙaton kifi ne da ya wangale baki, ma'aikacin gidan waya ya zo ya zura masa takarda a maƙogwaro. Akwai mai siffar kwasakwasa, akwai mai siffar kwalekwale, akwai wanda aka yi da tsohon injin jirgin ruwa. Idan bikinsu ya zo, sai a sa wa ayun hula a rataya masa gyale. Duk wanda ya ga hotunan a cikinmu yakan girgiza kai ya ce ƙoshi ne, sai wanda ya rasa abin yi da kuɗi ke ɗinka wa kifi riga.

Mu yi dariyar, babu laifi. Amma a sake duban hoton. A jikin kowane ayu, ko a cikinsa ko a gindinsa, akwai lamba a rubuce, kuma lambar nan ita ce maganar. Tun 1896 gidan wayar Amurka ya fara kai wasiƙa har ƙauyuka, a 1923 kuma aka wajabta wa duk mai son a kawo masa wasiƙa ya tanadi akwati ko ya huda ƙofarsa. Har tsawon sandar da ake ɗora akwatin an ƙayyade, ya ɗan ɗara mita ɗaya, domin mai rabo ya miƙa hannu daga cikin mota ba sai ya sauka ba. Siffa kaɗai aka bar wa mai gida, shi ya sa ya sake jiki a kanta. Mutum ba ya yi wa ƙofa irin wannan wasa sai ya tabbata ƙofar tasa ce, hukuma ta san da ita, kotu ta san da ita, motar asibiti za ta same ta da tsakar dare, kuma babu wanda zai wayi gari ya shafa mata gicciyen jan fenti ya ce a tashi.

Yanzu a tambayi ɗayanmu: Alhaji, ina ne gidanka? Sai ya gyara zama. Ka ce wa mai tasi Briketeri, ka sauka wajen masu soya, ka bar masallaci a hannun dama, ka shiga lungu na biyu bayan shagon tela, ka tsallake kwata, za ka ga wata bishiyar mangwaro, an sare ta bara amma kowa ya san wurin, daga nan sai ka tambayi yara. A Etudi kuwa da mayanka da turken shanu ake kwatance. Wannan shi ne adireshin mutumin da aka haifi kakansa a gidan, aka yi sunansa a gidan, aka ɗaura auren 'ya'yansa a ƙofar gidan.

Za a ce ai ba mu kaɗai ba ne, kuma gaskiya ne. Yawunde gaba ɗayanta da kwatance take rayuwa. Har yau ana cewa Mobil Essos da Texaco Omnisports, alhali kamfanonin sun daɗe da sauke allunansu. An taɓa bin titunan birnin aka ba su lambobi, irin su Rue 1.750 ta Bastos, amma in ka faɗa wa mai tasi lamba sai ya waiwayo ya dube ka. Shi ya sa banki da ofishin haraji da kamfanin wuta ke neman takardar da suke kira plan de localisation, wato ka ɗauki biro ka zana hanyar gidanka da hannunka kamar ɗan firamare, ka sa alamar kibiya inda kake kwana. Sai dai a lura da bambanci ɗaya. Mutumin Bastos da ba ya amfani da lambar titinsa yana da takardar mallakar filinsa a kulle, da sunansa, da iyakokinsa a taswirar gwamnati. Rashin lamba a gare shi ɗan ɓata lokaci ne ga mai kawo masa kaya. Da yawanmu kuwa lambar babu, takardar ma babu.

Akwatin wasiƙarmu, in ma akwai shi, a gidan waya yake, B.P. kaza, kuma dattawa sun san yadda layi guda kan rataya a kan akwati ɗaya na wani attajiri ko na masallaci. Ana rubuta sunanka, a ƙasa a ƙara: a hannun Alhaji wane. Ta nan amsar wasiƙun da aka aika wa sashen Hausa na BBC da Muryar Jamus ke zuwa, ta nan takardar kiran aiki ke zuwa, wani lokaci bayan ranar ta wuce. Kafin haka fatake ne ke ɗauko wasiƙar ajami a cikin jaka, bayan haka direbobi da fasinjojin jirgin ƙasan Ngaundere, wanda layinsa ya kammala a 1974. Tsarin nan ya yi mana aiki domin an gina shi a kan amana, kuma ba mu raina shi ba. Amma tsari ne na ayari, na mutanen da suka sauka yau suna shirin ɗaura kaya gobe. Mu kuwa yaushe rabonmu da ɗaura kaya?

Jamusawa sun kafa tasharsu a Yawunde a ƙarshen shekarun 1880, suka bar ta a farkon 1916. Tun suna nan kakanninmu fatake suka iso, da shanu da tufafi, suna neman hauren giwa da danƙo da goro. Da Faransa ta mayar da garin hedikwata a farkon shekarun 1920, ta keɓe wa Turawa tsakiyar gari, aka matsar da baƙaƙen fata gefe, zango ya bi sahu. Sunan unguwarmu kansa daga wurin gasa bulo ya samo asali, wanda aka kafa zamanin Jamus domin gine-ginen mulki. Abin kunya ne a ce unguwar da sunanta bulo ne, mutanenta sun haura shekara ɗari a gari suna gini kamar masu jiran a buga gangar tashi.

Tushen ciwon magana ɗaya ce da muke maimaitawa a zaure da wurin ɗaurin aure: ai mu baƙi ne a nan, gida yana Arewa. Da wannan magana attajirinmu kan tara kuɗin Yawunde ya je ya dasa bene a Kano ko Garwa, jemagu su tare a ciki, ya dawo ya kwana ƙarƙashin kwano mai yoyo a lungun da ya yi arziki. Wane gida ake nufi? Ɗansa bai taɓa hawa Dala ba. Faransanci a bakinsa yake, yana jin Ewondo, in ya je Kano da hutu ɗan Kamaru ake kiransa, a kasuwa a ninka masa farashi. Iyayenmu a ƙasar nan aka binne su. An ce baƙo raɓa ne, to wace irin raɓa ce ke kwana shekara ɗari a kan ganye? Zumunci da Arewa wajibi ne, babu mai cewa a yanke shi. Abin da muke ƙi shi ne a mayar da shi uzurin barin gidan da ake ciki babu takarda, babu lamba, babu fuska.

Kuma maganar nan ba a cikin zaure take tsayawa ba, wasu na jin ta, tana yi musu daɗi. Kundin tsarin mulkin 18 ga Janairu 1996 ya yi maganar kare tsiraru da kuma haƙƙin 'yan asalin wuri, kuma tun daga lokacin kalmomin autochtone da allogène suka zama makaman siyasa. Dokar ƙananan hukumomi ta Disamba 2019 ta tanadi cewa magajin babban birni sai ɗan asalin yankin. Duk ɗanmu da ya taɓa neman katin ɗan ƙasa ko takardar shaidar zama ɗan ƙasa ya san irin kallon da sunansa kan jawo masa, da tambayar da ke biyo baya game da Najeriya. A shekarun da fitinar Boko Haram ta tsananta, unguwarmu ce aka fi zuba wa ido, ana binciken takardu. A ƙasar da ake auna mutum da tsawon jijiyarsa a cikin ƙasa, wanda ya ce da bakinsa shi baƙo ne ya sauƙaƙa wa abokin hamayyarsa aiki. A Etudi abin ya fi fitowa fili. Fadar shugaban ƙasa tana nan, har sunan unguwar ya zama laƙabin mulki a bakin 'yan jarida na duniya, amma mahaucin da ke ciyar da birnin nama, a unguwa ɗaya da fadar, ba shi da layin da zai rubuta a gurbin adireshi.

Ga abin da doka ta ce, domin yawancinmu ji muke yi, ba mu bincika ba. Dokokin ƙasa na 6 ga Yuli 1974 da dokar 27 ga Afrilu 1976 sun sa titre foncier ya zama shi kaɗai ne shaidar mallakar fili a Kamaru. Filin da ba shi da shi, in ba na gwamnati ba ne kai tsaye, yana cikin abin da ake kira filin ƙasa, gwamnati ce ke kula da shi, kai kuwa mazauni ne. Dokar ta ce cinikin fili sai a gaban notaire, kuma sayar da filin da ba a yi wa rajista da sunan mai sayarwa ba ɓatacce ne tun daga tushe. Ma'ana, 'yar takardar nan da kaka ya karɓa daga hannun mai ƙasa, da shaidu biyu da dangwalen yatsa da sa hannun mai unguwa, wadda muke naɗewa a leda mu ajiye a ƙasan adaka, tana iya zama hujjar daɗewa a wuri, amma mallaka ba ta bayarwa. Sai dai dokar ta bar ƙofa ɗaya a buɗe: ɗan ƙasar da ya zauna ko ya raya fili tun kafin 5 ga Agusta 1974 yana iya neman a yi masa rajista kai tsaye, shi ko magadansa. A 2005 aka gyara dokar, aka sauko da aikin daga ma'aikata zuwa matakin lardi. Wa ya fi mu cancantar shiga ta ƙofar nan? Shaidunmu kuwa tsofaffi ne, kowace shekara muna raka wasu maƙabarta, suna tafiya da abin da suka sani na iyaka da ranar sauka.

Ba kowane gida ne zai samu ba, gara a faɗa tun yanzu. Fadama da bakin rafi mallakar jama'a ne a doka, ba a ba da takarda a kansu, kamar yadda ba a bayarwa a kan mita 50 na farko daga bakin teku, ko da yake duk wanda ya je Kiribi ya ga gine-ginen manya har inda igiyar ruwa ke lasa. Wanda ya gina a gangaren Abiergue ya san matsayinsa, kuma shi ma saninsa ya fi rashinsa. Wani gidan kuma yana kan filin da ke da takarda da sunan wani dangi dabam, ko na gwamnati. Abin mamaki shi ne magidanci mai furfura ya kasa faɗin a wane rukuni gidansa yake, alhali tambaya ɗaya ce a ofishin rajistar filaye.

Wanda ke ganin muna kururuwa ya tuna shekarun Gilbert Tsimi Evouna a shugabancin birnin, daga 2005 zuwa 2020. Ya tuna Etetak, ya tuna Ntaba a 2008, ya tuna sassan unguwarmu da katafila ta taɓa, da katifu da tukwane jibge a bakin hanya cikin ruwan sama. Tambayar farko da ake yi wa wanda aka rushe wa gida ita ce ina takardarka, ina izinin gininka, kuma a kan amsar ake yanke ko diyya ko hannu rabbana. Ana iya yin gardama a kan ko birnin ya yi kyau bayan haka. Abin da ba a gardama a kansa shi ne su wa suka biya kuɗin kyan.

A bakin teku ma labarin ke nan, ga wanda ya ɗauka zaman gaɓa duk ayu ne da hula. A Yulin 1990 gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta share Maroko a Legas, aka tashi mutum kusan dubu 300, yau wurin yana cikin filaye mafi tsada a Najeriya. A Mayun 2022 aka rushe Dikolo a Duwala domin a gina otal. Mutanen Dikolo sun tafi kotu, a 2023 kotun ta soke takardar da aka dogara da ita wajen karɓe filin. Gidajen ba su tashi daga ƙasa ba, takarda ba ta tare katafila ba, amma mai hujja a hannu ya sami bakin magana a gaban alƙali. Ko a can Amurkar, bayan guguwar Maria ta 2017, dubban mutanen tsibirin Fuwato Riko sun nemi taimakon gyaran gida aka juya musu baya saboda ba su da takardar mallaka, gidajen gado ne da ba a taɓa rubutawa ba. Talaka a kan fili mai daraja kullum idon masu kuɗi yana kansa. Ku dubi inda muke zaune: ga Tsinga, ga kasuwar Mokolo, ga Warda da babban zauren wasannin da aka buɗe a 2009, ga tsakiyar gari tafiyar ƙafa. Yawunde ba ta da teku, amma a lissafin dillalan filaye Briketeri bakin teku ce. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ba sai an gaya maka abin yi ba.

Mun san amsoshin da za a ba mu, domin mun sha jin su.

Wasu za su ce lamba ita ke jawo haraji, ɓoyayyen gida ba ya biyan komai. Wane ne a cikinmu ba ya biya? Mai shago yana biya, mahauci yana biya a kan kowace dabba, mai tebur yana yankar tikiti kullum, ga na bayan fage da ba a ba da rasit a kansa. Harajin fili a doka kashi 0.1 ne cikin ɗari na darajar gida a shekara. Wanda ya bar gidan miliyoyi a iska don gudun wannan, ya yi cinikin biri a sama.

Matasa kuma za su ce zamanin wasiƙa ya wuce, ga WhatsApp, ga Orange Money da MoMo, wa zai aiko maka da ambulan? Gaskiyarku, samari, ambulan ya yi ƙaranci. Amma barikin 'yan kwana-kwana yana Mokolo, maƙwabcinmu ne, kuma in wuta ta tashi a lungu, mai kiran 118 sai ya ɓata mintocin da ake tsira a cikinsu yana kwatancen bishiyar da aka sare. In ma sun gane, motar ba ta da hanyar shiga, domin kowa ya ɗan ci taku ɗaya daga lungun ya ƙara ɗaki. Banki ba ya karɓar lambar waya jingina. Sammacin kotu da bai same ka ba ba ya hana a yanke hukunci a bayanka.

Amsar da ta fi nauyi ita ce ta masu cewa duniya ba gidan zama ba ce, me zai sa bawa ya wahalar da kansa a kan takardar ƙasar da za ta cinye shi. Muna girmama masu wannan magana, amma malamanmu sun san ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Addinin da ya tsaya ya ƙididdige rabon 'ya da na matar mamaci da na uwa bai yarda a bar haƙƙin marayu a hannun sa'a ba. A nan ne ma ɓarnarmu ta fi yawa. Kaka ya rasu, ba a raba gida ba, wai don kada zumunci ya watse. 'Ya'yansa sun rasu, ba a raba ba. Yau magada sun kai arba'in, wani yana Librebil, wani yana Jidda, wata tana aure a Marwa, kowa na da haƙƙi, babu mai iko. Babu mai sa kuɗinsa ya gyara rufin da ba nasa shi kaɗai ba, sai bango ya tsage kowa na kallo. Matan gidan, waɗanda Allah Ya yanka wa rabo, su ake fara mantawa da su. Ana nan sai wani daga cikin jikoki ya shiga matsi, ya haɗa baki da dillali, a wayi gari baƙo ya zo da takarda mai hatimi, zumuncin da aka ƙi raba gida dominsa ya ƙare a ofishin 'yan sanda. Ko inda aka kira malam ya raba bisa shari'a, aikin rabi aka yi, domin ofishin filaye ba ya canza suna sai da hukuncin gado daga kotu, wanda ake kira jugement d'hérédité. Malam ya raba, kotu ta tabbatar, a canza suna a takarda: uku ne, mu kuwa a na farko muke shafa fatiha mu watse.

Akwai kuma masu cewa neman takarda rami ne marar ƙasa, kuɗi da shekaru da zirga-zirga tsakanin ofishin sufurefe da masu auna fili. Wannan ba mu musa ba. Hanyar tana da tsawo, tana da masu tare ta suna miƙa hannu, kuma hukuma na da babban kaso na laifin halin da ake ciki. Gidajen SIC da filayen MAETUR da bashin Crédit Foncier an tsara su ne da ma'aikaci mai takardar albashi a zuciya, tela da mahauci ba su cika shiga lissafin ba. Amma mutanen da ke iya tara kuɗin kujerar Makka ta hanyar adashi, su haɗa lefe na akwati goma sha biyu, su gina masallaci mai hawa biyu da taro da sisi, ba za su ce kuɗin dasa duwatsun iyaka ya gagare su ba. Abin da ke gagarar mutum ɗaya a gaban tebur ba ya gagarar layi guda da ya zo da lauyansa.

Sauran maganar fuska, wadda ita ce ta fi kusa da ayun da muka fara da shi. Kafin Bature ya yi tunanin sa wa akwati hula, Bahaushe ya daɗe yana sa bangon gidansa magana. Duk wanda ya ratsa Tudun Wadar Zariya ko unguwar Birni a Damagaram ya ga zanen da magina ke yi a fuskar zaure: dagi, takobi, allo, sannan da zamani ya zo suka ƙara keke da agogo da mota da jirgin sama, kowane attajiri yana shelar abin da ya mallaka ko abin da yake buri. Ga zankwaye a saman soro kamar kunnuwan zomo. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, har yau masana gine-gine na zuwa kallo. Falke Barmu na Yama a Nijar ya karɓi kyautar Aga Khan a 1986 da ginin ƙasa. Gidajenmu ma sunaye gare su, ana cewa Gidan Makama, ana cewa Gidan Ɗan Hausa. Zaure kuwa shi ne akwatin wasiƙarmu na asali, a nan saƙo ke sauka, a nan baƙo ke tsayawa ya yi sallama, cikin gida na nan a suturce. Saboda haka mai tsoron kada suna a ƙofa ya tona asirin iyali ya kwantar da hankalinsa, kakanninsa sun warware wannan tun tuni.

Ba muna cewa a ɗora rufin ƙasa a garin da damina biyu ke sauka a shekara ba, ruwan Yawunde zai narkar da shi kafin Sallah. Amma ku bi layukanmu ku gani. Tsohon gida bangon laka ne da ya sha hayaƙi, sabon gida kuwa tayil ne fari da baƙin get irin na kowa, ko a Duwala ko a Dubai. A unguwar da masu ɗinki ke zuba aska takwas a ƙirjin rigar da manyan ƙasar nan ke sawa ranar biki, a unguwar da 'yan gari suka yi wa laƙabi da ma'aikatar soya saboda gwanintar hannunmu, babu bango goma da baƙo zai kalla ya ce nan Hausawa ne. Mun yi wa kowa ado mun bar ƙofarmu tsirara. Mai walda da ke iya lanƙwasa ƙarfe ya fitar da fure zai iya fitar da dagi, ya bar gurbin lamba a tsakiya da sunan gidan a ƙasa, da boko da ajami.

Lambar kuwa ba sai mun jira an kawo mana daga sama ba. Gana ta ƙaddamar da adireshin zamani na GhanaPostGPS a 2017, ya game har zangonni irin su Nima a Akara, inda 'yan'uwanmu ke zaune a lunguna irin namu. Muna da sarakunan Hausawa, muna da masu unguwa da shugabannin layi, muna da kwamitin kowane masallaci da ya san wanda ya zo Asuba da wanda bai zo ba. Muna da 'ya'yan da suka karanta shari'a a Soa, da waɗanda suka karanta auna ƙasa, suna zaune suna jiran aiki. A ba su littafi su bi gida gida, su rubuta sunan mai gida na farko, da shekarar sauka in an sani, da irin takardar da ke akwai, da sunayen magada maza da mata, su naɗi muryar tsofaffin da suka ga lokacin da aka dasa iyaka. A raɗa wa lunguna suna, a jera lambobi, a kai kwafi ofishin magajin garin Yawunde ta Biyu domin Briketeri, da na Yawunde ta Ɗaya domin Etudi, a nemi su sa hatimi su daidaita da nasu tsarin. Masu neman ƙuri'armu da ke zuwa da buhun shinkafa da azumi, a ajiye musu littafin nan a gabansu, a tambaye su ranar da za a buɗe lungun da motar kashe gobara za ta bi, da abin da za a ba wanda ɗakinsa zai tafi a aikin.

Kafin duk wannan akwai aikin da ba ya bukatar taro ko kwamiti. Ranar Juma'ar nan, bayan an sauko, kowane magidanci ya sa a jawo adakar nan daga ƙarƙashin gado, a kwance ledar, a ga ko gara ta bar wani abu. A kira yaron da ya iya Faransanci ya karanta da ƙarfi a gaban iyayensa mata da ƙannen uba. A duba abu biyu: wace irin takarda ce, kuma sunan wa ke kai. In sunan na wanda ya riga mu gidan gaskiya ne, a fara da neman takardar shaidar rasuwarsa da zaman dangi a rubuce, domin su kotu za ta fara tambaya ranar da aka je neman hukuncin gado.